Tseren Babura A Jeji: Abin Da Muka Shirya Da Abin Da Muka Bari

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)





Ranar da sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, na ce masa lalle ya yi ɓatan kai, domin ni ba malami ba ne, bakanike ne, kuma waɗanda muka zauna aji ɗaya da su sun sani, ko a ƙungiyar muhawara aikina jera kujeru. Sai ya ce ai ba don iya magana aka kira ni ba. Wasu matasan ƙungiyarmu ne suka kawo shawarar a shirya tseren babura a jeji don a tara kuɗin gyaran ɗakin karatu, kwamiti ya kasa tsai da magana, aka ce a nemo wanda ya taɓa yi. To na taɓa yi, sau ɗaya tak, a watan Janairu na 1989, kuma ban sake ba. Zan gaya muku yadda muka shirya, sannan in gaya muku inda shirin namu ya tsaya, in ya so kwamiti ya yi abin da ya gani.

Ciwon ya kama ni ne a Agadas. A Janairun 1988 na raka wani kawuna fatauci, muka tarar garin ya cika ya batse, domin ayarin tseren nan na Faris zuwa Dakar ya sauka a can. Saboda yaran da ba su ji labarinsa ba, wani Bafaranshe ne mai suna Tiyeri Sabin ya ƙirƙiro shi, bayan shi kansa ya ɓace a hamada a kan babur a 1977, aka tsinto shi da sauran numfashi. An fara na farko ranar 26 ga Disamba 1978, aka ƙare a Dakar ranar 14 ga Janairu 1979, tafiyar kimanin kilomita 10,000 ta Aljeriya da Nijar da Mali da ƙasar da yau ake kira Burkina Faso, har Sanigal. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 suka isa. Wanda ya ci a ɓangaren babura a kan Yamaha XT500 yake, babur mai fistin ɗaya wanda duk bakaniken da ya san aikinsa zai iya kwance shi a gindin bishiya. Shi Sabin bai ga ayarin da na gani ba, ya riga ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986, ana cikin tseren.

Manyan kamfanoni sun zo da manyan motocin kaya da makanikai kamar sojoji, amma ba su ne suka ɗauke mini hankali ba. Can gefe na ga wasu bayin Allah, kowa da akwatin ƙarfe guda ɗaya, ya wuni a kan babur, ga shi tsakar dare ya danne tocila da haƙori yana canza taya shi kaɗai. Har yau akwai wannan rukuni na masu akwati ɗaya a tseren, ko da yake tseren ya bar Afirka: an soke na 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mai da shi Kudancin Amurka daga 2009, sannan Saudiyya daga 2020. Na tsaya ina kallon ɗayansu har ya gama, na ce a raina, wannan abin da yake yi ai shi nake yi kullum a gareji, don me shi zai ratsa hamada ni ina zaune?

Ba mu da kuɗin Faris-Dakar, ko kusa. Amma wajen ƙarshen damina sai labari ya zo mini cewa wasu masu sha'awar babura a Damagaram, malaman makaranta da ma'aikata da 'yan Turawa kaɗan, za su shirya ɗan ƙaramin tsere na kwana uku, daga Damagaram a yi arewa ta cikin Damargu har kusa da Agadas, ba a bin babbar hanya. Babu kyautar kuɗi, kofi ne kawai da takardar shaida. Na nemi 'yan makarantar nan huɗu, muka zama biyar. Uku za mu hau. Akwai ni, akwai wani ɗan ajinmu da ke aikin banki, wanda ban taɓa ganin mai iya babur kamarsa ba, sai kuma ƙaraminmu, wanda muka bari a aji ɗaya lokacin da muka fita. Na huɗu malamin asibiti ne. Na biyar yana da Fijo 504 a-kori-kura, irin wadda ake haɗawa a Kaduna a lokacin, shi zai ɗauki kaya da mai. Da yake motar ba ta shiga rairayi, sai ya bi babbar hanya mu haɗu da shi kowace yamma a masauki.

In ba ku manta ba, lokacin ana cikin matsin tsarin nan na gyaran tattalin arziki da aka shigo da shi a 1986, naira ta faɗi, kayan gyara sun yi tsada kamar me. Adashi muka yi na wata huɗu. Muka sayi tsofaffin babura uku irin na malaman gona, masu dogayen ƙafafu, waɗanda aka yi gwanjonsu. Biyu masu fitar da hayaƙi ne, wato waɗanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, ɗaya kuma maras hayaƙi. Da za a sake, da iri ɗaya zan saya duka ukun, domin kayan gyaran ɗaya ya yi wa kowa, amma a lokacin abin da aljihu ya kai shi muka ɗauka.

Abu na farko da muka yi shi ne kwance kowane babur har sai da ya koma ƙashi. Wannan ba don ƙawa ba ne. Tsohon babur yana ɓoye ciwonsa a wurin da ido ba ya kai, kuma wanda bai kwance babur ɗinsa da hannunsa a gida ba, ba zai iya gyara shi a jeji da yunwa da ƙishirwa ba. Don haka na hana kowa kallo, har ɗan bankin sai da ya sa hannu a baƙin mai. A jikin ƙarfen ɗayansu muka sami tsaga a ƙarƙashin kujera, wadda fenti ya rufe, muka kai wa mai walda. Muka canza duk boris na ƙafafu da na wuya, muka sa sabon fistin da ringi, muka duba shakazoba. Wayoyin ƙafa, waɗanda makanikai ke kira sifok, muka ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, sannan muka naɗe kowace mahaɗa da siririyar waya, saboda in ɗaya ta tsinke kada ta faɗa cikin birki ko ta huda taya. Notina kuwa muka yi ƙoƙarin mai da su awo huɗu ko biyar, 8 da 10 da 12 da 14 da 17, don kada mutum ya ɗauki sifana goma. Kowane noti muka ɗiga masa fenti bayan an ɗaure, in fentin ya tsage ka san girgiza ta fara kwance shi.

Akwai 'yan dabaru da na gani a Agadas na kwaikwaya. Wayar kuloci da ta totur, mun ja wa kowace kishiya a gefenta muka naɗe da salatif, in ta tsinke sai ka zare kai ka maƙala sabuwar, minti biyar ya isa. Hannun birki da na kuloci ba mu ɗaure su tamau ba, mun bar su yadda in babur ya faɗi za su juya maimakon su karye. Muka sa faranti mai kauri a ƙarƙashin inji saboda duwatsu, muka yanka jarkar roba muka yi wa hannuwa garkuwa saboda ƙaya. Wanda bai taɓa ratsa farar ƙaya da aduwa a guje ba zai ga kamar wasa ne. Muka sa haƙoran baya masu girma kaɗan, gudu ya ragu amma ƙarfin ja ya ƙaru, kuma shi rairayi ke bukata. Sarƙa kuwa, saɓanin abin da muka saba a gari, ba a lafta mata giris, domin giris da yashi in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa, kafin kwana biyu sun cinye haƙoran.

Taya tana da nata karatun. A kan kwalta mukan busa wajen fam 28, a rairayi sai mu rage zuwa wajen 14 don tayar ta baje ta hau kan yashi maimakon ta nutse. Amma in ka rage iska tayar kan zame a jikin ƙarfenta ta fizge bakin tiyub, don haka dole a sa maƙalli da zai danne ta. A cikin kowace taya mun shimfiɗa tsohon tiyub da muka tsaga, kafin mu sa sabon, ya zama riga biyu. Kuma kowane ɗayanmu sai da ya cire taya ya yi faci ya mayar, ina riƙe da agogo, har ya iya cikin minti 25. Ƙaraminmu ya tsinke tiyub huɗu da ƙarfen banƙara taya kafin ya gane.

Fetur ma lissafi ne. Tankunan baburan ba su kai lita 10 ba, kuma mun gwada mun gani, a rairayi mai laushi babur kan sha kusan ninki biyu na abin da yake sha a kan kwalta. Mai walda ya faɗaɗa mana tankunan, muka ƙara jarka ƙarama a baya. Masu hayaƙin kuma muka daina dogara da famfon baƙin mai, muka riƙa haɗa man da fetur da hannunmu, kashi 1 cikin 30, domin in famfo ya tsaya ba ya sallama. Duk man da za a zuba sai an tace shi da ƙyalle.

Na ajiye matatar iska a ƙarshe da gangan, kuma ina roƙonku ku riƙe ta a rai, za mu dawo kanta. Inji yana shaƙar iska fiye da yadda yake shan mai nesa ba kusa ba, kuma iskar hunturu a Damargu rabinta ƙura ce. Ƙura in ta shiga inji aikin sanfefa take yi, ta kankare ringi da bangon silinda har ƙarfi ya tsere. Matatar soso ake sawa, a jiƙa ta da mai a matse, kuma abin da ya fi muhimmanci, a shafa giris a bakinta inda take zama, don kada iska ta sami kafar zagayewa. Mun tanadi uku ga kowane babur, a canza kowace yamma. Ni na koya wa sauran wannan, kuma ni na ce duk duniya babu wanda zai taɓa matata sai ni.

Sai maganar hanya. A irin wannan tsere ba a kafa alama, takarda ake ba ka kowace yamma mai layi uku: nisan da za ka yi, ɗan zanen wurin, da kusurwar da za ka dosa a kamfas. Muka manna takardun suka zama doguwar naɗi, muka sa a cikin robar abinci mai murfi garai-garai, da sanduna biyu da ake murzawa da yatsa. A nan ne, ranka ya daɗe shugaban makaranta, na yi nadamar barcin da na yi a ajin labarin ƙasa da gudun da na yi wa ajin Faransanci, domin takardar da Faransanci aka rubuta ta, kusurwa kuma ita ce dai wadda malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya yi ta fama ya koya mana a filin ƙwallon nan da ke bayanku. Sai da muka nemi wani malami ya yi mana darasi na sati uku. Mun kuma gano da kanmu cewa kamfas ba ya faɗin gaskiya a kan babur, ƙarfe yana jansa, sai ka sauka ka yi taku goma. Yau na'urar tauraron ɗan'adam tana aljihun kowane yaro, amma batir kan mutu, ni dai ba zan bar mutum ya shiga jeji bai san kamfas ba.

Jiki kuma mun shirya shi a busasshen kogi, kowace Asabar da Lahadi bayan asuba. Hawan rairayi ya saɓa wa duk abin da zuciya ke faɗa maka. In kan babur ya fara rawa, zuciya ta ce rage gudu, alhali in ka rage ƙafar gaba ta nutse ka ci ƙasa. Sai dai ka miƙe tsaye, ka mai da nauyi baya, ka ƙara wuta, ka manta da birkin gaba. Mun faɗi har mun daina ƙirgawa, kuma ɗaga babur sau goma a rana ya fi tuƙin gajiyarwa. Malamin asibitinmu ya kafa mana dokar lita 3 ta ruwa a bayan kowa, ban da wanda ke jikin babur. Ya koya mana ruwan gishiri da sukari yadda ake ta shela a rediyo zamanin minista Olikoye Ransome-Kuti, ƙaramin cokali 1 na gishiri da 10 na sukari a ruwa cikin kwalbar lemo biyu. Yanzu na leda ya wadata, shi ya fi. Ya sa kowa ya rubuta rukunin jininsa a jikin hular kwano. Takardu ma muka haɗa, katin rigakafi, da takardun babura, da katin inshorar nan na ƙasashen Afirka ta Yamma wanda ake tsallaka iyaka da shi a lokacin.

To jama'a, duk wannan da na lissafa, ko kwana ɗaya bai jawo mana gardama ba. Gardama ta tashi ne a kan 'yar takarda guda, saura sati biyu mu tafi. Malamin asibiti ne ya rubuto ta, sharuɗɗa huɗu, ya ce kowa ya sa hannu. Ba a tuƙi bayan faɗuwar rana. In an shiga ƙauye ko an zo rijiya a rage gudu kamar na mai keke, domin a tseren 1988 ɗin da na gani, wata yarinya 'yar shekara 10 ta rasa ranta a garin Kita na Mali, motar tsere ta buge ta. In babur ya mutu ko ka ɓace, ka zauna a jikinsa, kada ka taka ko'ina. Ya kawo misalin ɗan Firayim Ministar Ingila, Magaret Taca, wanda ya ɓace kwana shida a Aljeriya a 1982, aka gano shi daga jirgin sama yana tare da motarsa, domin mota ana hango ta, mutum a ƙasa ba a hango shi. Sharaɗi na huɗu shi ne mu uku tare za mu tafi, kowa ya riƙa waiwayen na bayansa, in ba ka gan shi ba ka tsaya nan take.

Ɗan bankin ya ce uku na farko ya yarda, na huɗu kuwa a kai kasuwa. Ya ce tsere muka zo, ba rakiyar amarya ba, in za a ɗaure shi da mafi sanyin cikinmu to me ya sa ya zuba albashinsa na wata huɗu? Kuma kada ku yi saurin ganin laifinsa, maganarsa tana da kai. Laifin namu ne da ba mu taɓa zama mun tambayi juna abin da kowa ke nema ba. Shi kofi yake so. Ni so nake in ga baburan da na gyara sun isa. Ƙaraminmu kuwa so yake a ce ya bi yayyensa. Mutum uku, tafiya uku, a ƙarƙashin suna ɗaya.

Ni ne shugaba, ni ya kamata in raba gardamar. Ko dai in ce ya sa hannu ko ya zauna a gida, ko kuma in sallame shi ya yi tserensa shi kaɗai, ni da yaron mu san mu biyu ne. Ban yi ko ɗaya ba. Abokina ne tun muna aji ɗaya, gadonsa na saman nawa a ɗakin kwana, kunya ta hana ni. Na ce a bar maganar, in mun je can ma ga yadda hali ya yi. Malamin asibiti ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ba wanda ya sa hannu, har da sharuɗɗa ukun da ba a yi musu a kansu ba. Daren da za mu tashi na je yi wa mahaifiyar ƙaraminmu sallama, ta ce, "To yayansa, ga amana nan." Na ce, "In Allah ya yarda, Inna, ƙafata ƙafarsa."

Muka bi ta Kazaure da Daura, muka tsallaka a Kongolam, muka wuce Matamaye zuwa Damagaram. Ranar farko ta yi kyau fiye da zato, baburan ba su ko yi tari ba, faci biyu kawai muka yi. Muka isa masauki a yankin Tanut a gajiye liƙis, ƙarangiya ta cika mana safa. Na zauna canza matatu da tocila wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, sanyi yana yanka hannu. Na yi nawa, na yi na ɗan banki. Da na zo kan na yaron, gwangwanin giris yana mota, direba ya kulle ya yi barci. Na ce dare ɗaya ba ya komai. Na sa ta haka, na rufe.

Washegari hazo ya sauko, ba ka ganin abin da ya wuce taku ɗari biyu. Tun da hantsi ɗan bankin ya ba da wuta ya ɓace mana. Ni kuma, maimakon in tsaya da wanda ke bayana, sai na ce bari in kamo na gaba in ce masa ya jira. Ku duba wannan wauta. Na bi ƙurarsa ban san iyakar lokacin da na ɗauka ba, ban kamo shi ba, da na waiwaya babu kowa. Na kashe inji na saurara, ba abin da nake ji sai iska.

Na juya ina bin sawuna, iska tana share shi a gabana. Sai bayan azahar na hango babur ɗin a jingine a gindin wata aduwa. Na taka shi, babu ƙarfi ko kaɗan, ƙafa ta tafi salalo. Ban bukaci buɗewa ba, na san abin da ya faru, kuma na san wanda ya jawo. Hularsa tana rataye, jarkar ruwan da ke jikin babur tana nan cike, shi kuwa babu shi. Daga baya ya gaya mini ya jira kamar awa ɗaya, ya ga takarda ta nuna rijiya a gaba kaɗan, ya ce bari ya taka ya nemo taimako. Bai san mun riga mun kauce wa layin takardar ba tun da safe, rijiyar ba ta wajen da ya dosa.

Na yi ta kewaya wurin ina faɗaɗa da'ira, ina tsayawa ina kiran sunansa, ina duba mai a tanki yana raguwa. A 1983 guguwa ta ɓatar da 'yan tseren Dakar wajen 40 a Tenere, an kwashe kwana huɗu ana tsinto su da jirgi mai saukar ungulu. Mu ba mu da jirgi, ba mu da rediyo, motar da ke share baya kuma sai dare za ta san an rasa wani. Ba na jin na taɓa yin addu'a irin ta wannan yammacin, kuma duk inda na juya maganar tsohuwar nan nake ji.

Gab da magariba na ga wani Buzu a kan raƙumi yana ɗaga mini hannu. Da 'yar Hausarsa ya ce, "Naka ne mai manyan takalma?" Ashe tun da rana ya ci karo da sawun, ya ga ba sawun mutanen wurin ba ne, ya ga kuma mai shi yana tafiya yana karkacewa, ya san ba lafiya ba. Ya bi shi ya same shi kwance a inuwar tumfafiya, ruwan bayansa ya ƙare, ƙafafu sun yi ɓororo. Ya ɗora shi a raƙumi ya kai shi zangonsu. Na tarar da shi an lulluɓe shi da bargo ana ba shi shayi da nono kaɗan-kaɗan. Da ya gan ni abin da ya fara cewa shi ne, "Yaya, ka yi haƙuri, na lalata maka babur." Sai da muka dawo gida da wata guda na iya gaya masa gaskiyar wanda ya lalata shi. Mutumin nan da ya cece shi ya ƙi karɓar ko sisi, da kyar ya amshi sukari da ganyen shayi washegari da motarmu ta iso kusa.

Ɗan bankin ya isa masauki cikin na gaba-gaba, yana murna, sai malamin asibiti ya tambaye shi ina sauran. A daren ya so ya koma nema, masu tseren suka riƙe makullinsa. Da safe bai tashi tare da 'yan tsere ba, ya janye, ya zo ya taya mu jan mataccen babur da igiya har bakin hanya. Daga Damagaram zuwa Kano ba wanda ya ce uffan a motar. Mun fi shekara uku ba mu zauna mu biyar wuri ɗaya ba, sai ranar ɗaurin auren shi ƙaramin namu. Yau yana zaune a cikin ɗakin nan da furfurarsa, ya ce kada in nuna shi, ba zan nuna shi ba.

Saboda haka, mai girma shugaba, ga amsata ga kwamiti. Ban ce kada a yi ba. Amma jejin da muka shiga a 1989 ba shi ne na yau ba, kowa ya san abin da ƙarar babura a daji ta koma a kunnen mutanen ƙauyukanmu, don haka ba zan goyi bayan a kai 'ya'yan mutane nesa ba. A nemi fili kusa da gari wanda za a iya kewaye shi da mota cikin awa ɗaya, da izinin hukuma da na hakimi da masu gonaki, a yi shi bayan an kawar da amfanin gona, da motar asibiti a tsaye. Duk mai shiga ya kawo babur ɗinsa garejina saura wata biyu, ya kwance shi da hannunsa ina kallo, ba zan karɓi kuɗin kowa ba. A tafi biyu-biyu, a rubuta wa kowane biyu lokacin wanda ya zo baya a cikinsu. Takardar malamin asibiti kuma tana nan, ya ba ni ita na kawo, duk wanda bai sa hannu a kan sharuɗɗan huɗu ba, ko ɗan wane ne, ko shi ya fi kowa ba da kuɗi, ba zai tashi ba. Wannan karon ni zan faɗa masa da bakina.

Wannan kuma da ke hannuna shi ne fistin ɗin babur ɗin, yana cikin durowata tun 1989. Zan miƙa shi ya zagaya, a fara da yaran da ke baya. Ku shafa gefensa da farce za ku ji ramukan da ƙurar rabin yini ta yi. Don Allah wanda ya ƙare a hannunsa ya dawo mini da shi kafin a tashi cin abinci.